Jirgin ƙasa na kwaikwayo a kan allo mai santimita 120: me zai shiga, me ba zai shiga ba?

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina sha'awar ƙananan jiragen ƙasan nan masu tafiya da lantarki, waɗanda ake gina wa layin dogo da tasha da duwatsu a cikin ɗaki. Gurin da nake da shi kaɗan ne, allo ɗaya mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, kuma dole in riƙa ɗauke shi ina jinginewa idan na gama. Burina jirgi ya riƙa zagayawa, ya hau gada, ya shiga ramin dutse, ya tsaya a tasha. Girman HO ne ya fi burge ni. Zai yiwu? In ba zai yiwu ba, me za ka ba ni shawara, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka haɗa a tambayarka: girman jirgin da kake so, fasalin layin da kake so, da gurin da kake da shi. A yadda ka zayyana su, ukun ba za su zauna tare ba, domin layin HO mai zagaye ba ya shiga faɗin santimita 60. Ko dai ka riƙe HO ka haƙura da zagayen, ko ka riƙe zagayen ka sauko zuwa girman da bai kai HO ba. Kowanne daga ciki yana iya ɗaukar mutum shekaru yana jin daɗinsa. Bari in nuna maka lissafin, don ka yanke hukunci da tef ɗin awo a hannunka.

Kwana ce ke cin guri

Layin dogon da mafi yawan ƙasashen duniya ke amfani da shi yana da tazarar milimita 1435 tsakanin ƙarafansa biyu. A HO an rage komai sau 87, don haka tazarar ta koma milimita 16.5. A Ingila an fi amfani da OO, wanda yake tafiya a kan wannan layin na 16.5, amma jikin jirgin sau 76 aka rage shi, sai ya ɗan fi na HO ƙiba. N yana tafiya a kan milimita 9, an rage shi sau 160, ko da yake na Ingila sau 148 ne, mafi yawan na Japan kuma sau 150. Ƙasa da shi akwai Z, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, sau 220, a kan milimita 6.5.

Sabon shiga yakan auna tsawon kan jirgi da taragu, ya ga ai za su shiga. Ba nan matsalar take ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne kwana, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da tsakiyar layi. A layukan OO na kamfanin Hornby na Ingila, kwana ta farko milimita 371 ce, ta biyu 438, kuma yawancin manyan kawunan jirgi na zamani ta biyun suke buƙata. A Amurka inci 18 ne abin da aka saba farawa da shi a HO, kusan milimita 457. Ninka 438 sau biyu, ka sami santimita 88 tun kafin ka ƙara faɗin layin kansa da ɗan sararin gefe da zai hana jirgi faɗowa ƙasa. Kana maganar kusan mita guda ke nan. Ko da ka ɗauki kwanar farko ta Märklin, mai milimita 360, sai ka tanadi santimita 80. Wannan ne ya sa allon kafinta mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8 ya zama gurin da ake yawan gina HO mai zagaye, kuma faɗinsa da tsawonsa kowanne ya ninka naka.

A N lissafin ya sauya. Kwanar kamfanin Kato na Japan mai milimita 249 tana ba da da'irar da ba ta wuce santimita 53 ba har da shimfiɗar layin, don haka za ta zauna a kan allonka, a bar ɗan sarari a kowane gefe. Ta gaba da ita, mai 282, za ta kai har baki, kuma ban ba ka shawarar haka ba. Bayan kwanonin biyu sun ɗauki rabonsu, miƙaƙƙen layin da zai rage maka kusan santimita 60 ne a gaba, 60 a baya. Taragon fasinja na Turai mai mita 26.4 yana komawa santimita 16.5 a N, a HO kuwa ya ɗan wuce 30. Ka ga ko a N, kan jirgi da taragun fasinja uku sun cika gaban allon. Gajerun taragun kaya da ƙaramin kan jirgi ne suka dace da irin wannan guri, kuma su ne ba sa nuna matsin kwana a ido.

Batun gada kuwa, in layi zai hau ya ƙetare wani layi a N, sai ya ɗaga kusan santimita 5. Hawan da ƙaramin kan jirgi ke ja ba tare da ƙafafunsa suna sulɓi ba bai kamata ya wuce kashi 3 cikin 100 ba, wato santimita 3 a kowace mita. Kana buƙatar fiye da mita ɗaya da rabi don hawa, da wata irinta don sauka, kuma rabin wannan tafiyar a cikin kwana za ta kasance, inda jan ya fi nauyi. Ka bar layin a shimfiɗe a matsayi ɗaya, ka haƙa kogi ko kwari a ƙarƙashinsa. Ga gada ta samu, jirgi bai hau komai ba. Ramin dutse shi ma zai samu, har ma yana da amfani babba: ka rufe bayan zagayen da tudu, jirgi ya ɓace wa ido na ɗan lokaci, sai zuciya ta yarda cewa ya tafi wani gari ne. Sai dai ka bar ƙofa ta baya da hannunka zai shiga, saboda duk inda hannu ba ya kaiwa, nan jirgi ke sauka daga layi.

Abin da zan zaɓa

Ni dai, da allon nan nawa ne, zan riƙe girman da ya burge ka, in bar zagayen. Dalilina shi ne abin da na sha gani a wajen masu farawa. Zagaye yana faranta rai a makon farko. Daga nan sai mutum ya lura cewa aikinsa bai wuce ya kunna ya zauna yana kallo ba. Ƙaramar shimfiɗar da ke daɗewa ana amfani da ita ita ce wadda jirgi ke da aikin yi a cikinta: ya kawo tarago, ya ajiye shi a gaban sito, ya ɗauki wanda aka sauke wa kaya, ya jera su ya fita. Wannan aikin na ja da baya da turawa ana yin sa ne a miƙaƙƙen layi, ba ya buƙatar da'ira ko kaɗan.

Akwai fasalin da ya shahara saboda haka, ana kiransa Inglenook Sidings, wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya gina a kan allo mai ƙafa 4 da ƙafa 1, kusan santimita 120 da 30. Layi ɗaya ne ya shigo, ya rabu gida uku ta hanyar mararraba biyu kacal. Reshe ɗaya yana ɗaukar taragu biyar, sauran biyun uku-uku. Layin shigowa kuma an yanke shi daidai tsawon kan jirgi da taragu uku, ba ƙari. Taragu takwas ake zubawa. Sai ka rubuta wa kowanne ƙuri'a, ka zaro biyar, ka haɗa jirgi da waɗannan biyar ɗin bisa jerin da suka fito. Tun da layin shigowa ba ya ɗaukar fiye da uku a lokaci ɗaya, dole ka yi tunani kafin kowane motsi. Jeri daban-daban har 6,720 ke iya fitowa daga taragu takwas ɗin nan. Ƙarancin gurin da kake kuka da shi, shi ne ya haifar da wasan. In ka tsawaita layin shigowa don samun sauƙi, ka kashe shi.

Ga yadda awon yake a OO. Gajeren taragon kaya mai ƙafa huɗu kusan santimita 8 ne, biyar su ba da 41. Ƙaramin kan jirgi da taragu uku kusan 37. Gajeriyar mararraba tana cin 17 zuwa 19. In ka haɗa, ka ƙara ɗan sararin da tarago zai tsaya ba tare da ya gogi na layin kusa ba, za ka tsaya a ƙasa da 120. Amma in taragun Amurka masu tsawon ƙafa 40 ka saya a HO, kowanne kusan santimita 15 ne, kuma fasalin zai nemi kusan mita biyu. A nan sai ka rage shi, reshe ɗaya uku, sauran biyu-biyu, da taragu biyar. Tsawon tarago yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka waɗannan alƙaluman jagora ne kawai. Sayi taragun tukuna, ka shimfiɗa takarda mai girman allon a ƙasa, ka ɗora layin da taragun, ka tura su da yatsa. Kada ka sa zarto a katako sai ka yi wannan.

Akwai kuma Timesaver, na John Allen ɗan Amurka, wanda aka wallafa a 1972. Yana da mararraba da yawa da hanyar da kan jirgi zai zagaya ya koma bayan taragunsa. Yana da daɗi ƙwarai, amma ban ba mai farawa shawararsa, domin kowace mararraba ƙarin kuɗi ce, ƙarin waya, kuma ƙarin gurin da jirgi zai iya tsayawa.

Tun da faɗinka 60 ne, fasalin kuma 30 yake buƙata, ka sami rabin allo kyauta. Kada ka cika shi da layi. Sa sito, hanyar mota, ɗan tudu da bishiyoyi. Layin kuma kada ya tafi daidai da bakin allo, ka ɗan karkata shi, ido zai ga gurin ya fi yadda yake girma. Gadar da kake so za ta iya zama ta mota, a ƙarshen layin shigowa, ta ɓoye inda duniyar taka ta ƙare.

Dole in faɗa maka abin da wannan zaɓin ba zai ba ka ba. Ba za ka ga dogon jirgin fasinja yana sheƙa gudu ba, kuma ba za ka iya kunna shi ka jingina kana kallo ba. In abin da ranka ke so ke nan, ka tafi N da zagaye, ka sa mararraba biyu a ciki don jirgi ya sami ɗan aikin yi. Z zai ba ka fili fiye da haka, kwanarsa a layin Märklin tana saukowa har milimita 145, amma kan jirginsa ba shi da nauyi, ƙura kaɗan ke tsayar da shi, kuma ɗora ƙafafunsa a kan layi yana son ido mai kyau da hannun da ba ya rawa.

Allo, layi da wuta

Allon da za a riƙa ɗagawa ana jinginewa abu biyu yake buƙata, rashin nauyi da rashin murɗewa. Filawud mai kaurin milimita 9 ya isa, a kan firam na busasshen katako, da sanduna a tsakiya kowace santimita 30 zuwa 40. Haɗa da gam da sukuru. Zurfin firam ɗin ya kai santimita 5 aƙalla, don wayoyi su ɓuya a ƙasa ba tare da sun goga ba. Shafe shi da fenti ciki da baya kafin ka ɗora komai, saboda katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan motsin ya fi na ƙarfen dogon yawa. In kana son kogi, manna fallen soso mai tauri irin na rufin gini a saman filawud ɗin, ka yanke kwarin da wuƙa.

A kan layi ne nake so ka kashe haƙurinka. A babbar shimfiɗa jirgi yana gudu, nauyinsa yana ƙetarar da shi gurin da wuta ta yanke. A ƙaramar shimfiɗa a hankali yake rarrafe, don haka duk ɗan aibin da ke layin sai ya bayyana. Sayi layin da aka yi da gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya, mai launin azurfa, wanda ba ya tsatsa irin na baƙin ƙarfe. Lambar da za ka gani a kwalin, kamar 100 ko 83 ko 75, tsayin ƙarfen ce a ma'aunin ɗaya cikin dubu na inci. Mai 100 ya fi haƙuri da tsofaffin taragu masu zurfin ƙafa, mai 75 ya fi kama da na gaske. Kada ka gauraya su a allo ɗaya yanzu.

Mararraba kuma iri biyu ce, kuma bambancin yana a gurin da ƙarafa biyu suka haɗu suka yi tsini. A wasu tsinin na roba ne, ba wuta a cikinsa. A wasu na ƙarfe ne, yana ɗauke da wuta. Kamfanin Peco yana kiran na farko Insulfrog, na biyu Electrofrog. Na roba ya fi sauƙin haɗawa, amma ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu yakan mutu a kansa, domin ƙafa ɗaya tana kan roba, in ɗayar ta ɗan ɗaga shi ke nan. Na ƙarfe yana buƙatar ka sa mahaɗin roba a ƙarafa biyu na ciki da ke fitowa daga tsinin, kada wuta ta haɗe, kuma ya fi kyau ka ba tsinin waya tasa ta hanyar makunni mai sauyawa tare da mararrabar. Mararraba biyu kawai gare ka, wannan aikin yamma ɗaya ne, kuma shi zai raba ka da dungurin jirgi da yatsa.

Kada ka dogara da ƴan maƙalan ƙarfen da ke haɗa layi da layi su kai maka wuta. Aikinsu daidaita ƙarafa ne, kuma da zarar fenti da gam sun shiga cikinsu sai su daina wucewa da wuta. Abin da nake yi shi ne in ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin allo, ja da baƙa, sannan kowane gutsuren layi in liƙa masa siririyar waya da dalma a ƙarƙashin ƙarfen, in huda allo in sauke ta. Ja ko da yaushe a ƙarfen gaba, baƙa a na baya. A mahaɗin ƙarafa kuma bar tsaga kamar kaurin katin waya, domin mita ɗaya ta wannan ƙarfen tana ƙaruwa da kusan sulusin milimita in zafi ya hau da digiri 20, katakon da ke ƙasa kuma yana nasa motsin.

Sarrafa jirgin hanya biyu ce. Ta gargajiya tana ƙara ko rage ƙarfin wutar da ke layi, daga sifili zuwa bolt 12, kuma duk kan jirgin da ke layin zai amsa. Ta dijital, DCC, wadda ta samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus kuma ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da ita ma'aunin kowa a shekarun 1990, tana barin wuta a layi ko da yaushe, ta aika saƙo ga ɗan guntun na'ura da ke cikin kowane kan jirgi. Da kan jirgi ɗaya, ta gargajiya mai kyau ta ishe ka. Dijital tana da amfani in kana son sauti, ko fitila mai ci ko jirgi na tsaye, ko ɗan ma'ajin wuta da ke ƙetarar da kan jirgi gurin datti. Wayoyin da na kwatanta maka suna aiki da duka biyun, don haka za ka iya sauyawa daga baya ba tare da ka tayar da komai ba. Kuɗin da ka rage a nan, zuba shi a kan jirgi mai kyau wanda ke ɗaukar wuta da dukan ƙafafunsa kuma yake tafiya a hankali ba tare da fizga ba.

Maƙalan da ke haɗa tarago da tarago su zama iri ɗaya, a tsayi ɗaya. Masu buɗewa da maganaɗisu, irin na kamfanin Kadee, suna ba ka damar rabuwa da tarago ba tare da sa hannu ba, amma ɗan siririn tsinke ma yana yi.

Ado sai a ƙarshe

Idan ka gama shimfiɗa layi da waya, tsaya. Yi makonni kana wasa da shi a kan allo tsirara. Kowane tarago ya bi kowane reshe, ja da turi. Duk inda ƙafa ta yi tsalle, sa ido daidai da ƙarfen ka duba, galibi mahaɗi ne ya karkace. Gyara a wannan lokacin minti biyar ne. Bayan an zuba tsakuwa an manne, sai an jiƙa an kankare.

Tsakuwar layi ana zuba ta a bushe, a daidaita da buroshi mai laushi, a share saman katakan da ke ƙarƙashin dogo. Sai a fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwanuka, sannan a ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Sabulun ne ke sa gam ɗin ya nutse maimakon ya taru a sama. Kusa da harsunan mararraba, wato ƙarafan da ke motsi su sauya wa jirgi hanya, kada gam ya je ko kaɗan, kuma ka riƙa motsa su yayin da yake bushewa. Zaɓi tsakuwa mai laushi fiye da yadda idonka ya ce maka, da yawa daga masu HO ta N suke zubawa. Gefen ƙarfen dogo a shafa masa fenti mai launin tsatsa, a goge saman tun bai bushe ba. Launukan gine-gine da ƙasa su zama dusassu marasa sheƙi. Allon baya mai tsayin santimita 25 zuwa 30, da launin sararin sama mai haske, yana raba shimfiɗar da bangon ɗaki, kuma yana ƙara wa firam ɗin ƙarfi.

Tun da jingine shi za ka riƙa yi, komai sai an manne shi, ban da jirgi da taragu, waɗanda za su koma akwati mai soso. Yi wa allon murfi na siririn filawud da zai hau kan allon baya da gefuna biyu, ya kare bishiyoyi daga karyewa, ya kare layi daga ƙura. Kafin kowane wasa, goge saman ƙarafan da ƙyalle marar gashi da aka ɗan jiƙa da sinadarin isofurofil, ka duba ƙafafun kan jirgi su ma. Kada ka sa takardar yashi a layi, tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa a ciki. Wajen ajiyar kuma ya zama inda rana ba ta bugawa kai tsaye, saboda zafinta yana lanƙwasa roba, yana kuma kashe launin fenti.